Wanzamin da Jininsa Ya Ƙare

Duk wanda ya saba cin kasuwar Tabla ya san tabarmar Na'Allah wanzami, can gindin gawo, bayan 'yan awaki. Ya gaji zabirar ubansa a shekarar da soja suka fara karɓar mulki. Masu kaki suka tafi, masu babbar riga suka zo, masu kaki suka sake dawowa, shi dai yana nan da askarsa da ƙahonninsa. Mutum ne mai shegen son sani. Idan ya kafa maka ƙaho, sai ya ji abin da ka ci da yadda ka kwana, kai kana ta kanka shi yana ta tambaya.

Bazara ce kakarsa. Kafin ruwa ya sauka, manoman Kurfai kan zo a cire musu mataccen jini don jiki ya yi sauƙin aikin gero. Ya tsaga, ya zuƙa, ya juye baƙin gudan a kasko ya nuna wa mai shi, sannan ya haƙa rami bayan gawon ya binne. Abu guda ne ya hana shi sakat tsawon rayuwarsa: daga ina sabon jini ke fitowa? Ubansa ya ce daga hanta. Wani malami ya ce daga zuciya. Bai gamsu da ko ɗaya ba.

Da ya haura sittin sai gajiya ta kama shi, irin wadda kwanciya ba ta maganinta. Tafin hannunsa ya yi fari fat. To, wanzami ya gaji, me kake tsammani zai yi? Ya kira ƙanensa Hamidu ya juya masa baya.

"Yaya, jikinka ba shi da alamar jini hwa," in ji Hamidu.

"Matacce na ya danne mai rai. Kahwa mini ƙaho shida."

Ba a kai ga na huɗu ba ya kife a kan tabarma. A asibitin Filinge aka ƙara masa jinin 'yarsa Habsatu, ya miƙe garau har da zuwa gona. Kafin a yi girbi ya sake zubewa. Hamidu ya ba da nasa, jinin nan ma ya ƙare kafin bazara ta zagayo. Daga nan aka tura su Yamai.

Can wata likita ta ce za ta ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa. Habsatu ta tsorata, shi kuwa har yana ɗago kai ya ga allurar.

"Likita, mi ya haɗa ƙashi da jini?"

"Baba, ai a cikin ɓargo ake yin jini. Naka ya gaji, yana yin jinin da ba ya nuna, sai ya lalace tun bai fito ba."

Na'Allah ya mayar da kansa kan katifa. Wallahi daɗi ya ji kafin tsoro ya zo. Ashe amsar tana cikin ƙashin da ya yi ta tsotsa a miya tun yana yaro.

Sunan cutar da Faransanci ya fi ƙarfin harshensa. Amma a wani ɗan ofis ya ga ma'aikaci, Ibrah, yana rubuta harafi ɗaya da lamba biyu a kan takardarsa, D46, sai ya tsaya ƙyam ya ce sai an gaya masa ma'anarsu. Ibrah ya ce kowace cuta a duniya tana da lambarta, kuma duk asibitin da ya ga wannan zai gane ba zazzaɓin sauro ba ne, ba kuma rashin abinci ba.

"To, tsaga ta ke nan," in ji Na'Allah, yana shafa tsagar Kurfayawa da ke kumatunsa. "Ko'ina ka tahi, an san gidanku."

Maganar da ta biyo baya ce mai nauyi. A shekarunsa ba a warkewa. Muddin yana son numfashi, sai an riƙa ƙara masa jini a kai a kai, kuma asibiti ba ta bayarwa sai dangi sun kawo madadi. Danginsa masu iya bayarwa biyu ne, duk an sake ɗiba, sai sun huta watanni. Habsatu ta zaga dangin nesa da maƙwabta. Kowa ya jajanta, kowa ya noƙe. Ga damina na ƙaratowa, wa zai rage ƙarfinsa ya ba ledar asibiti?

Wannan abin ya ba Na'Allah haushi, ya kuma ba shi mamaki. Mutanen da ke zuwa da ƙafarsu ya zubar musu da jini a rami, su ne ke tsoron allura.

Ran kasuwa ya sa aka ɗora shi a amalanke aka kai shi gindin gawo, ba zabira. Ya aika wa tsohon abokinsa Idi mahauci ya fasa masa ƙashin cinyar saniya, ya zauna yana juya shi a rana, yana leƙen jan ɓargon. Idi ne ya kawo ƙashin da kansa, ya tuɓe riga ya tsuguna kamar yadda ya saba kowace bazara.

"Wanzan, tunda ka taso, sauke mini nauyin wanga baya."

"Na bar binne jini, Idi. In ya yi maka yawa, mu tahi Filinge ka zuba shi inda za ya yi aiki."

"Kai, allura ta hwa."

"Shekara talatin ina yanka ka da aska ba ka ce uhum ba."

Masu jiran ƙaho suka fashe da dariya. Idi ya mayar da rigarsa yana ƙunƙuni. Washegari dai shi ne a gaban motar Filinge, da wasu manoma uku da suka ce rakiya kawai suka zo. Biyu daga cikinsu suka miƙa hannu, ɗayan ya ce zai kewaya, ba a sake ganinsa ba sai a Tabla.

Da aka rataya ledar jinin a kan gadonsa, Na'Allah ya ce wa Habsatu ta matso masa da ita kusa. Ya daɗe yana kallo. Jinin baƙi ne ƙirin, mai kauri. Ya san launin nan sarai, shi ne wanda ya yi shekara da shekaru yana nuna wa mutane a kasko yana cewa matacce.

Ya bi ɗigon da ido har ya shige hannunsa. Can ya ce, "Habsatu, taɓa ƙahwata ki ji. Ta hwara ɗumi."