Bana Zara'u ta fara da gonarta

A wani ƙauye gabas da Urafane, kowa ya san hauyar Zara'u, amma gonarta ce ta fi kowa rashin ganinta. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da gonar da ta gaji, ruwa na sauka rumbu ya riga ya ƙare. Sai ta tafi ƙwadago gonar Maman Sani, ɗan kasuwar garin, don tiyar hatsi. Kafin ta waiwayi tata, ciyawa ta shaƙe geron. Shekara bakwai ana haka, kuma duk shekara sai Maman Sani ya ce mata cikin murya mai zaƙi, "Ki ba ni ita jingina, ki huta." Wa ya taɓa ganin gonar da ta shiga hannunsa ta dawo?

Ta je asusun ba da rance a Tasawa, aka ce ta kawo takardar gona. Takarda! Gonar da iyakarta gawo ne da tsohuwar rijiya. Ta dawo a amalanke ranta a ɓace, amma da labari a bakinta: in mata suka tara amfanin gona a sito, asusun zai ba su rance a kansa, sai kaya sun yi tsada a sayar a biya. Kwaɗo biyu ake sa wa ƙofar, makulli ɗaya a hannun matan, ɗaya a Tasawa.

Maza suka yi dariya, wai an ga mai kulle abincinta tana jin yunwa. Mata goma sha ɗaya suka bi ta. Da kaka ta yi, Zara'u ta kai wakenta buhu biyu sito, ta karɓi kuɗi, ta sayi tunkiyar kiwo da takin zamani.

Da bazara Ishaƙu, ƙanen mijinta, ya zo neman waken don sunan ɗansa. Ba a hana dangin miji, ita ma ta sani. Ta ce, "Wallahi ko ni ban iya buɗewa. Tahi Tasawa ka roƙo ɗaya makullin." Ya tafi yana gunaguni, bai sake gaishe ta ba har wata biyu.

Lokacin da aka buɗe sito wake ya yi daraja. Ta sayar, ta biya rancen, ta sayi geron da zai kai ta kaka.

Ran da aka fara noman fari, Maman Sani ya tsaya da babur a bakin gonarta. Shukarta ta yi kore shar.

"Zara'u, mutane na can gonata suna jiranki."

Ba ta ko ɗago ba.

"Su yi ta jira, Alhaji. Wagga gona ta jira ni shekara bakwai."