Yayen da ya tafi da Baba

Damina tara ke nan da muka binne mahaifinmu, Malam Sule, a ƙauyenmu da ke arewa da Ɗanbatta. Har yau idan aka tambaye ni ajalinsa, nauyi nake ji in ce mura.

Mutum ne da ya haura saba'in yana noman gero da gyaɗa. Ruwa ya dake shi a gona, ƙaya ta soke shi, bai taɓa kwana a asibiti ba. Mu 'ya'yansa har baki muke cikawa, wai Baba ba ya ciwo.

Da 'yata Hadiza ta isa yaye, muka kai ta wurin kakanninta kamar yadda kowa yake yi. Tana ɗan tari, hanci yana zuba. Baba ya ɗora ta a cinya yana cewa, "Amaryata ta tare!" Da ludayi ɗaya suke shan fura. Cikin kwana uku ta warke, shi kuwa tarin ya sauka masa a ƙirji. Muka ce zai wuce, ai Baba ne. Sai da numfashi ya fara gagararsa muka nemi mota.

Likita bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi garkuwar jiki tana tsufa tare da mai ita, kamar tsohuwar danga, daga nesa tana tsaye amma ɗan akuya ma yana ratsa ta. Kwana huɗu Baba ya yi a gadon asibiti, ya cika.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau, da ya ji ina wa'azin a raba tsoho da yaro mai mura. Na san halinsa. Dariya zai yi, ya ce to me ya rage a tsufan?

Makon jiya ƙanena ya kai wa mahaifiyarmu ɗansa yaye, yaron yana tari. Na yi sauri na je.

"Inna, a bari ya warke tukuna mana."

Ta gyara masa zama a cinyarta, ta ce, "Mijin nawa za ka raba ni da shi? Ubanka ya guji taka 'yar ne?"

Na bar mata shi na koma gida. Abin da Baba ya bar mana ke nan, cinyar da ba ta korar yaro, kuma ba zan iya cewa kuskure ne ba. Allah ya jiƙansa. Tsoro nake ji ƙwarai. Kullum da safe nakan kira Inna a waya, tana ba ni labarin jikanta, ni kuwa numfashinta nake saurare.