Akori-kura Biyu a Harabar Ofis

Ranaku da yawa sun shige a shekarun da na yi ina tuƙi a ofishin wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Dutse, ban riƙe komai a cikinsu ba. Amma har yau ban manta da Litinin ɗin da aka kawo mana akori-kura biyu aka ce mu zaɓi ɗaya ba. Lokacin ni ne babban direba, saura wata takwas in yi ritaya, ruwan farko na damina kuma bai fi mako guda da sauka ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba, motar ofis ita ke kai iri da taki ƙauyukan Jahun da Taura, ita ce kuma ke ɗaukar malamin dabbobi da akwatin allurar rigakafi zuwa rugage. Allurar nan a cikin ƙanƙara take tafiya. In mota ta tsaya a daji har ƙanƙarar ta narke, maganin ya lalace ke nan, shanun mutane kuma su shiga damina babu kariya. Tsohuwar motarmu ta gama nata, shi ne aka yanke a sayi wata ta hannu, mai shan gas, wato dizal, mai jan ƙafa huɗu saboda taɓo da yashi.

Ƙa'idar sayen mota a wurinmu ita ce a kafa kwamiti. Shugabansa Alhaji Sabo, mataimakin darakta. Sakatariya Madam Rifkatu, jami'ar sito, mutuniyar Filato da ta daɗe a Dutse. Sai ni, ba ni da ƙuri'a, amma ni zan duba motar in sa hannu a takarda cewa lafiyarta lau. Idan ta lalace kafin wata shida, wanda ya sa hannu shi ake aika wa takardar tuhuma, a kuma jefa kwafi a fayil ɗinsa. Nawa fayil ɗin a lokacin yana shirin tafiya ofishin fansho.

Dillalin, Alhaji Nura, ya iso da motocin wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ɗaya fara ce sol, sabon yayi, giyarta mai canza kanta, da allo a gaba kamar talabijin. Ɗayar ruwan toka, ta girmi farar, giyar hannu, ƙofar bayanta a lotse, cikinta kuma yana ɗan warin awaki.

Alhaji Sabo ya shiga farar, ya kunna iyakwandishan, ya kwantar da kujera. Ya yi kamar minti biyar yana shan sanyi. Sannan ya sauke gilashi ya ce, "Malam Garba, ina ganin magana ta ƙare."

Na ɗora tafin hannuna a kan bonet. Da zafi. Na je na taɓa na mai ruwan tokar, ita ma da zafi, tunda tuƙo su aka yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so in ga tashinsu na farko da safe."

Ku yara masu tasowa a aikin nan, ku riƙe wannan. Injin dizal ba shi da fulogi irin na motar fetur, matsin iska ne ke kunna masa mai. In injin ya gaji, matsin ya ragu, ba za ka gane ba muddin yana da ɗumi. Sai ya kwana ya huce, nan ne zai nuna halinsa.

Alhaji Nura ya yi murmushi ya ce babu damuwa, mu zo wurinsa a Yalwawa gobe ƙarfe tara. Na ce to.

Da muka koma ciki Madam Rifkatu ta ce, "Baba Garba, taran nan ta yi maka?"

Na ce, "Ba ta yi ba."

Ta ce, "Ƙarfe nawa ne zai yi?"

"Shida da rabi."

Ta rubuta a littafinta.

Washegari muka hau adaidaita sahu muka sauka a ƙofar filin da yake ajiye motoci. Ƙofar a buɗe take. Muka tarar da Alhaji Nura da kansa, sanye da jallabiya da silifas, bonet ɗin farar motar a ɗage, yana tsiyaya ruwan zafi daga buta a kan injin, tururi yana tashi. A gefe ga murhun gawayi da wata butar a kai tana jiran layi.

Muka yi sallama. Ya amsa, bai ajiye butar ba. Muka gaisa sosai, na tambayi iyali, ya tambayi nawa. Sai Madam ta ce, "Alhaji, me ake yi?"

Ya ce, "Wanka nake mata."

Ta ce, "Da ruwan zafi?"

Ya ce, "Haka ta saba."

Ta rubuta wannan ma.

Na nemi makullin mai ruwan tokar. Na taɓa injinta, sanyi ƙalau, har da raɓa a kan bonet. Na murɗa makulli na jira fitilar ɗumama inji ta mutu, na tayar. Bugu ɗaya ta kama. Salansa ta fitar da ɗan baƙin hayaƙi sau ɗaya ta washe. Na buɗe murfin baƙin mai tana aiki, babu hucin da ke turo shi. Na leƙa ruwan lagireto mai sanyaya inji, babu maiƙo. Ƙarar injin a daidai take, ba ta rawa.

Gaskiya raina ya yi fari. Na ce wa Madam, "Ga motarmu. Kawo takardar in sa hannu."

Ta ce, "Baba, takardar ta ce sai an gwada ta a hanya da kaya."

Na ce, "Madam, tun ba ki shiga firamare ba nake tuƙi. Kunnena ya ishe ni."

Ta ce, "Na yarda. Amma babu gurbin kunne a takardar."

Haka muka kai motar sito aka loda mata buhunan taki, muka kama hanyar Jahun ta Kiyawa, ni da ita. A kan kwalta motar ba ta da laifi. Kuloci yana kamawa, birki yana ci, allurar zafi ba ta motsa ba. Ina tuƙi ina yi wa Madam bayanin darajar tsohuwar mota, tana cewa i.

Bayan Jahun muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar fadama da muke bi kowace damina. Da muka zo inda ruwa ya kwanta, na tsaya na sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, fitilarta ta kama a gabana, na shiga da ƙarfin gwiwa. Muna tsakiya motar ta tsaya. Tayoyin baya suna juyawa suna watsa taɓo, na gaba kuwa ko motsi.

Madam ta leƙa ta taga ta ce, "Baba, na gaban hutu suke yi?"

Na cire hula da babbar riga na ɗora a kujera, na kwanta a cikin taɓon na shiga ƙarƙashin motar. Akwai wani dogon ƙarfe da muke kira furofela, shi ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi. Mota mai jan ƙafa huɗu biyu take da su, na baya da na gaba. Na baya yana nan. Inda na gaba ya kamata ya kasance, babu komai sai ramukan noti guda huɗu suna kallona.

Na daɗe a kwance a wurin, fiye da yadda duba ramuka huɗu yake bukata. Abin da nake tunani shi ne da safiyar nan na nemi biro.

Wani manomi da ke huɗa a kusa ya kwance shanunsa biyu daga garma ya ja mu muka fita. Bai karɓi komai ba, ya dai tambaya ko sabuwar motar ofis ce. Na ce ana dai dubawa. Ya ce Allah ya sa a dace.

Na kira Alhaji Nura a waya na ce furofelar gaba ba ta nan. Ya ce, "Au, wannan? Ai a cikin gari ba a bukatarta." Na ce mu ba a cikin gari muke aiki ba. Ya ce bari ya duba sito, kamar ya taɓa ganin wani ƙarfe mai kama da ita.

Daga can garejin Malam Isyaku muka wuce, bakaniken da ya fi shekara ashirin yana gyaran motocin dizal a Dutse. Na faɗa masa komai, har da buta. Ya shiga ƙarƙashin mai ruwan tokar, ya zare man ƙaramin giyabos ya murza a yatsa yana neman garin ƙarfe, bai samu ba. Ya juya wurin da furofelar ke ɗaurawa, ya saurara. Ya fito yana goge hannu ya ce lafiyarsa lau, cire ta kawai aka yi, wataƙila don a rage shan mai, wataƙila don a sayar daban.

Madam ta ce, "To Malam, in kai ne, wacce za ka ce mu saya?"

Ya ce, "In don ni ne, ku sayi farar. 'Ya'yana tara."

Ta ɗago ta dube shi.

Ya ce, "Injin da sai an yi masa wanka yake tashi, aikinsa a wurina yake, kuma kayansa sai an aika Legas. Wannan kuwa, in an mayar mata da ƙarfenta, ba za ku riƙa zuwa gaishe ni ba."

Da yamma Alhaji Nura ya aiko da furofelar a bayan babur, a naɗe cikin buhu. Malam Isyaku ya ɗaura, muka koma wani yashi a bayan gari muka gwada. Ƙafa huɗu suka ja.

Ranar Laraba kwamiti ya zauna. Madam ta karanta rahotonta daga farko har ƙarshe, da murya ɗaya, ba ta tsallake butar ba, ba ta kuma tsallake inda na nemi sa hannu tun ba a gwada ba. Alhaji Sabo ya saurara yana juya makullin motarsa a kan tebur. Da ta gama ya ce shi duk ya ji, amma ofis yana da mutunci, baƙi suna zuwa daga Abuja, ba za a je tarbarsu da mota mai warin awaki ba. Ya turo min takardar farar motar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya sa hannu a wannan ba."

Ya ce, "Malam Garba, wata nawa ya rage maka?"

"Takwas, ranka ya daɗe."

"To ka yi tunani."

Shi ne zai sa hannu a takardar sallamata, ni da shi duk mun san haka. Amma ban ɗauki biron ba.

Madam Rifkatu ce ta yi magana. Ta ce, "Yallaɓai, ai mu ƙanana ne, wataƙila ba mu iya tayar da ita ba ne. Me zai hana ta kwana a nan harabar, makulli a hannunka, gobe ka gwada da kanka? In ta tashi, sai in gyara rahoton."

Ya ce wannan magana ce.

Alhamis ƙarfe bakwai da rabi Alhaji Sabo ya iso cikin farar shadda. Maigadi yana nan, masu shara suna nan, malamin dabbobi ma ya zo da wuri, ban san wa ya gaya masa ba. Alhaji ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya yi ta juyi bai kama ba. Ya sake. Ya sake. A karo na biyar ta kama tana kakkarwa, wani farin hayaƙi mai yaji ya turnuƙe harabar har ba ka ganin ƙofar sito. Masu shara suka koma bayan bishiya. Babu wanda ya yi dariya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Alhaji ya kashe ta ya fito yana tari. Ya zagaya motar sau ɗaya, hannu a baya. Sannan ya ce, "Ni dama launin ne bai kwanta min ba. Fari yana saurin datti a hanyoyinmu."

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Madam ta rubuta cewa shugaban kwamiti ya ƙi farar mota bayan ya gwada da kansa. Aka sayi mai ruwan toka. A daminar nan kaf ba ta kwana a daji ba ko sau ɗaya, allura ta isa kowace ruga da ƙanƙararta. Warin awakin ne dai bai fita ba har na bar aiki, sai ma ƙaruwa da ya yi, don makiyaya sukan roƙi a rage musu hanya da dabbobinsu ranar kasuwa.

Bayan wata biyu baƙin suka zo daga Abuja, na kai su Taura ta cikin ruwa da taɓo na dawo da su. Ɗaya daga cikinsu ya yaba motar. Alhaji Sabo ya daki ƙofarta ya ce, "Ni na zaɓe ta. Sai da na yi da gaske." Na ce haka aka yi.

Abin da na koya a wannan mako ba na inji ba ne, wannan na san shi tun da. Na koyi cewa motar da ba ka so, za ka bincike ta har ƙasa ba tare da kowa ya sa ka ba. Wadda ranka ya kwanta da ita ce ke bukatar wani ya tsaya a kanka da takarda, ko da kuwa shekarunsa ba su kai na lasisinka ba. Na kuma koyi cewa babba yakan sauko daga kan kuskure idan aka bar masa matakala, ba a taru ana kallon ƙafarsa ba. Takardar sallamata ta fito a kan lokaci, da sa hannun Alhaji Sabo, har ya ƙara layi ɗaya da biro a ƙasa cewa ni mutum ne mai bin shawarar na gaba da shi.