Kunnen Tauren Gwaggo

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da wani abokina mai mota, mutumin da duk abin da wayarsa ta faɗa masa ya zauna daram, ko da idonsa na kallon akasin haka. Ƙauyen kakannina muka nufa, can cikin ƙasar Sule Tankarkar, wajen gwaggona, yayar mahaifina. Yanar ido ta rufe mata ɗaya, ta soma lasar ɗayan, likita a Gumel kuma ya ce kada a ja lokaci. Albashin malamin firamare irina kun san inda ya tsaya, ita ma ta sani. Shi ya sa saƙon da ta aiko min bai wuce wannan ba: in samo mota kawai, tana da taurenta da ta yi shekaru tana turkewa, za mu kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuɗinsa ya buɗe mata ido.

Da yawanku kun san gwaggon nan tawa ba tare da kun san kun san ta ba. Ita ce tsohuwar da wani gidan talabijin ya nuna kwanakin baya, tana rungume da wuyan wani jan taure mai rawayen ɗan kunne na roba, tana dariya. Rahoton ya ce wani shiri na kiwon zamani ne ya raba wa matan karkara awaki, kowace da na'ura a kunne mai magana da tauraron ɗan adam. Wani mai kwat ya fito yana kaɗa hannu, ya ce ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa sanar da mai akuya ranar haihuwarta da ranar da za ta yi zawo, satar dabbobi kuma ta zama tarihi. Ba a daɗe ba wani shafin 'yan adawa ya ɗauki hoton nan dai, ya ɗora masa kiɗa mai ban tausayi, ya rubuta cewa an ƙwace awakin tsohuwa da zarar an kashe kyamara. Mutane suka yi ta zagin iyayen juna a ƙarƙashin hoton. Ni kuwa na san tauren nan, na san uwarsa ma.

Hanyar Gezawa zuwa Zakirai ba laifi, in ban da masu kaki da ke tsayawa suna gaishe ka da tafin hannu a buɗe. Rediyon mota na ta aikinsa. A wata tasha wani ɗan siyasa yana rantsuwa farashin abinci ya faɗi warwas, abokina ya murɗa wata tashar, sai ga abokin hamayyarsa yana rantsuwa talakawa ganyen bishiya suke ci. A Gujungu muka tsaya shan shayi. Na tambayi mai shayin wanne ne mai gaskiya cikin su biyun. Ya dai miƙo min burodi, na ga ya rame ya koma rabin wanda na sani bara, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba.

A Gagarawa Tasha muka sayi kankana a gefen tsohon layin dogo, mai zaƙi har ka ji haushin ta Kano. Nan ne sabis ya soma wasan ɓuya da abokina. Ya fito daga mota yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, a daidai gindin wani ƙaton allo mai hoton manomi sanye da fararen kaya tas, yana sarrafa gonarsa da waya. Ban taɓa ganin manomin da farcensa ya kai na mutumin allon nan tsabta ba. Bayan allon kuma wani dattijo ne da jakinsa suna dakon ƙirare.

Gumel tana nan yadda na san ta, sai dai adaidaita sun ƙaru. Ma'aikata na wucewa da fayil a hammata, 'yan dako na sauke buhunan riɗi da zoɓo a bakin kasuwar hatsi. Muka ci waina da miyar taushe a wajen wata mata da ta ce mu ci da sauri kafin gero ya ƙara tashi ta sake mana lissafi. Daga nan muka karkata yamma. Da muka sauka daga kwalta, yashi ya riƙe motar har sau biyu. Taswirar wayar abokina ta nace a kan cewa muna kan babban titi, mutanen wani ƙauye da taswirar ba ta san da zamansu ba su ne suka tura mu.

Da murya Gwaggo ta gane ni. Ta shafa fuskata, ta ce na yi ƙiba, alhali ramewa na yi, raina ya ɓaci ƙwarai na rasa inda zan sa idona. Aka kawo dambu da zogale da fura mai sanyi. Sai da muka ƙoshi na tambaye ta labarin 'yan talabijin.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Mai unguwa ya yi shela cewa manyan baƙi na tafe, kowane gida ya fito da dabbobinsa dandali. Sauran tsofaffi, da suka tuna cewa ba a taɓa ƙirga dabbar talaka don alheri ba, suka kora nasu daji tun da sassafe. Gwaggo kuwa ta tashi a gidan da ba a kunyata baƙo. A wurinmu in baƙo zai zo, tabarmar da ta fi kyau ake shimfiɗawa, kwanon da ya fi ƙyalli ake fitowa da shi, ko da aro ne. Ta wanke awakinta, ta shafa wa tauren man gyaɗa a ƙaho, ta ja su dandali don kada a ce garinsu ba shi da abin nunawa.

"Na zaci allurar rigakafi ce, ɗan nan," in ji ta. "Suka huda musu kunne, suka ce in rungume shi in yi dariya. To baƙo ya ce ka yi dariya a garinku, kuka za ka yi masa?"

Na ce, "Gwaggo, me suka ba ki?"

Ta ce, "Sun ba ni sannu."

Da safe na duba kunnen tauren da kaina. Kowane gida a yankinmu yana da shaidarsa da yake yanka wa dabba a kunne tun tana ƙarama, da ita ake gane ta ko ta ɓata ta kai wani gari. Ta gidan marigayi mijinta 'yan tsage biyu ne a kunnen hagu, kusa da juna. Mai hudar ya ga wuri a buɗe, ya ɗora abin hudarsa daidai tsakaninsu, ya cinye naman da ya raba su. Shaidar da ta fi Gwaggo shekaru ta koma rami guda, da roba a ciki. Haka ya yi wa duk awakinta.

Muka sa tauren a bayan mota, Gwaggo a gaba, muka yi Maigatari. Wanda bai ga kasuwar nan ranar Alhamis ba bai ga dabbobi ba. Raƙuma a durƙushe suna harararka, shanu masu ƙaho kamar reshen kuka, raguna uda da balami da aka koro daga Nijar, 'yan canji da damin sefa da naira a cinya, manyan motocin da mutanen Damagaram ke kira kamiyo suna jiran lodi zuwa kudu. Hanci kuma ya sha: ƙaurin tsire, warin kashin shanu, hayaƙin babura. Da wata rana ce da na ji daɗin kallon.

Dillalin farko ya taho da fara'a, ya kama ƙugun tauren, ya jinjina, ya ce tabarkalla. Da idonsa ya kai kunne sai ya saki kamar ya taɓa garwashi.

"Inna, wannan ai dabbar hukuma ce. An ce daga sama ake kallonta."

Gwaggo ta ce a gabanta aka haife shi, ita ta yanke masa cibiya. Na ce to a cire robar mana. Ya ce hudar da za ta bari ta fi robar tona asiri, kowa zai ce ɓarawo ne ya ɓalle. Ya nemi shaidar gida, na nuna masa ramin da ta zama. Na ce mai unguwa da duk mutanen garinmu za su yi shaida.

"Malam, ban ƙaryata ku ba," in ji shi. "Amma mai saye kudu zai kai shi. Mai unguwarku zai hau kamiyo ya riƙa yi wa kowane shinge bayani?"

Muka zaga dillali bayan dillali, amsa ɗaya. Rana ta take, Gwaggo na riƙe da igiya da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗata. Abin da ya fi ƙona min rai ya faru ne a gindin wata rumfa da muka raɓa don inuwa. Wasu fatake biyu suka gane ta. Ɗaya ya zaro waya ya ce ga tsohuwar da gwamnati ta ba awaki, ga shi har ta kawo kasuwa za ta sayar, talaka ba ya godiya. Ɗayan ya zaro tasa wayar ya ce ƙarya ne, ai ƙwacewa aka yi, wannan wani tauren ne daban. Suka yi ta musu, jijiyar wuya a tashe, kowa na tura wa ɗan uwansa waya a hanci. Matar da suke magana a kanta tana tsaye taku biyu daga gare su, da tauren a hannunta. Babu wanda ya juyo ya tambaye ta.

Wajen la'asar wani mahauci ya matso. Ya ce shi ba ruwansa da kunne, tsire ba ya zuwa da shaida. Ya taya da kuɗin nama, kuɗin da ko a mafarki ba za a taya taure irin wannan da shi ba, ya kuma san ba mu da wani mai tayi. Na ce Gwaggo mu koma, in je Kano in nemo rance. Ta ce idonta ba zai jira rancena ba. Ta daɗe tana shafa wuyan tauren kafin ta saki igiyar. Sannan ta ce wa mahaucin sharaɗinta ɗaya: in ya yanka, ya kawo mata kunnen hagu. Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya tafi ya kawo shi a ƙunshe cikin takardar siminti.

Da muka biya asibiti a Gumel, na haɗa da ɗan abin da ke aljihuna, abokina ma ya zazzage nasa, Allah ya saka masa. Aka ce ya isa aikin ido ɗaya. Ɗayan sai yadda hali ya yi. Sauran awakinta kuwa, da su ne bankinta, duk suna gida suna yawo da rawayen 'yan kunne, ba mai sayensu sai mahauci.

Washegari da za mu taho ta rako mu bakin mota tana lalube da sanda. Ta kwance bakin zanenta, ta ɗora min ƙunshin nan a tafin hannu.

"Kai da ke zaune a birni, ka kai musu abinsu. Shi kaɗai suka ba ni, kada a ce na ci amana."

Har Gujungu ko rediyon motar ba mu kunna ba. Mun shigo Kano ana kiran magariba. A ƙofar gidana abokina ya ce shi dai yana son ya ga na'urar da ke magana da tauraron ɗan adam. Na ɗauko filaya muka fasa robar. Roba ce har ciki, da lamba a bayanta, irin wadda ake maƙala wa buhu. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya zaro wayarsa zai nemi bayani, sai kuma ya mayar da ita aljihu.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗi ba ne. Da ina tsammanin in gidajen labarai biyu suna faɗa, gaskiya tana wajen ɗaya, ko tana tsakiya. Ashe takan kasance a wani wuri daban, tsaye a rana da igiya a hannu. Masu yabo sun samu tsohuwa mai dariya, masu suka sun samu tsohuwa abin tausayi, mai kwat ya samu tafi, kowa ya ci kasuwarsa da fuskarta ya watse. Ba wanda ya ba ta akuya, ba wanda ya ƙwace mata, amma ta wayi gari da asarar ido guda.

Jiya ma na ga an sake yaɗa hoton, tauren da aka cinye a tsinke yana nan yana sheƙi a hannunta. Kunnen yana wurina, na barbaɗa masa gishiri na rataye a ƙusa. Saƙon Gwaggo ne, kuma ni ɗan aike ne. Na rasa dai ƙofar da zan kai shi, don a cikin duk waɗanda suka yi magana da yawunta, babu wanda ya tambayi sunanta balle ya bar nasa.