Idon Kwalbar Ƙanena

Shekarun baya, lokacin babban fari, muna wani ƙauye kusa da Gazawa, ƙanena ya hau gawo zai sassabo wa awakinmu ganye, don ƙasa babu ko tsinke. Reshe ya dawo, ƙaya ta tsone masa idon hagu. Kafin mu kai shi likita a Maradi idon ya ruɓe, sai cirewa aka yi.

Lokotoron da ya yi masa aikin ya ce in aka bar ramin haka nan zai tsuke. Ya ɗauko wani akwati na kayan taimako, idanu ne na kwalba a jere. Sai dai na Nasara ne, babu baƙi ko ɗaya. Wanda ya zauna daidai shuɗi ne kamar na kyanwa. Ni da ƙauyancina har tambaya na yi ko zai riƙa gani da shi.

Da muka koma gida aka yi ta dariya, shi ma yana yi. Sannan ƙyanda ta shigo a kan yunwa, yara suka fara mutuwa. Dariya ta ƙare. Mata suka riƙa rufe 'ya'yansu da zane in ya gitta. Maƙwabciyarmu, wadda shi yake jawo mata guga a rijiya, ita ta fara cewa maye ne, da wannan idon yake kama kurwar yara. Aka tara mutane ƙofar mai gari, aka ce ko ya tsallaka ɗanta marar lafiya ya sake shi, ko ya bar garin.

Na ce wa ƙanena, "Ciro shi ka ba ni." Ya ciro, kansa a ƙasa. Na ƙwanƙwasa shi a bakin kwano kowa ya ji ƙarar. Na miƙa mata na ce, "Karɓi, taɓa. Kwalba ce, irin wadda kike zuba man gyaɗa. Ita ta kama ɗanki?"

Ta ja da baya. Mai gari ya ce shi ya yarda, amma don a zauna lafiya a fasa. A gabana aka sa dutse.

An fasa, yara kuma ba su daina mutuwa ba sai da ruwa ya sauka. Babu wanda ya zo ya ce mana yi haƙuri. Ƙanena ya ɗaure wajen da tsumma. Bayan shekaru, da aka fara samun na roba mai launin namu, muka koma likita, aka ce ramin ya riga ya tsuke, ba abin da zai zauna.

Ranar da ya rasu, maƙwabciyar nan ta zo gaisuwa, tana cewa bawan Allah, bai taɓa cutar kowa ba. Ana ta ce mini abin ya wuce. Na amsa gaisuwar kowa a ranar. Tata ce dai har yau ban amsa ba.