Yadda Na Koyi Kuskuren Kakana

Wata Laraba ce bayan la'asar, a ranin da aka fara sako ruwan dam ɗin Goronyo zuwa fadamarmu. Na gama kora ruwa a fangalin albasa, ƙafafuna duk taɓo, na kama sandar kakana Mamman na ja shi zuwa gindin tsamiyar da dattawa ke dara. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, ni ne hannunsa. Nakan faɗa masa inda abokin wasa ya sa dutse, shi kuma ya raɗa mini ramin da zan soka tsinke. Ramuka talatin duk suna cikin kansa. A ranar, wasa ya kai tsakiya, na kai kunnena bakinsa, sai na ji ya ce, "Sa inda ka gani." Ramukan sun ɓace masa.

Na duba, na ga ci a fili, na jera uku na ɗauke dutse. Na sake, na ƙara. Baba Bawa, masuncin da suke karawa da Kaka tun suna samari, ya tsaya da dutse a hannu ya dube ni, ya dubi tsohon. "Mi na na haka? Wanga ba hannun Mamman ba na." Ba wanda ya yi dariya. Na san dokar gindin tsamiyar: wanda kansa ya daina riƙe wasa ba a korarsa, ana dai shimfiɗa masa tabarma a gefe, a riƙa gaishe shi da tausayi. Mun ci wasan, amma da muka kai gida Kaka ko tuwo bai taɓa ba.

Na ƙudura cewa ba za a shimfiɗa masa tabarmar nan ba. Na gane cewa iya dara ba zai fisshe mu ba, dole in iya darar Mamman. Da safe kansa yakan washe, don haka kafin in tafi makaranta nakan tona ramuka a bayan rumbu mu yi wasa ɗaya, ba don in ci ba, sai don in riga shi sanin abin da zai ce. Idan na canka daidai na wuce, idan na kuskure na maimaita wasan ni kaɗai a bakin kwata, ina jiran ruwa ya cika fangali. Abu na farko da na kiyaye: yana fara zubi daga gefen hagu. Na biyu: ba ya karɓar cin farko da aka miƙo masa, yana ganin tarko ne ko da ba tarko ba ne. Na uku: in an ci shi ɗaya, sai ya bar tsaro ya afka. Na huɗu shi ya fi yi mini ciwo. Idan wasa ya yi masa daɗi, yakan manta da ramin kusurwar dama, kuma ta nan Baba Bawa yake shiga masa tun ban zo duniya ba.

Muka yi ta tafiya haka har aka cire albasa. Kaka ya motsa leɓe, ni in jinkirta kamar mai saurare, sannan in soka tsinke. Baba Bawa bai daina kallon hannuna ba. Ranar da aka gama ɗaure buhunan albasa mutane suka cika wurin, wasa ya yi kyau, muna gaba da biyu. Sai na ga kusurwar dama a buɗe. Tsinke ɗaya zai toshe ta, wasan ya zama namu, kuma a gaban jama'a yatsuna har ƙaiƙayi suke. Na kai kunne, Kaka ya ce, "Sa." Na bar kusurwar, na kai hari ta tsakiya. Baba Bawa ya zura dutse, ya ci, ya ƙara ci, ya buga cinya. "Tsohon banza! Hurhura ta cika ma kai, ba ka bar hwaɗawa ramin ga ba?" Kaka ya ɗaga sanda yana lalubensa: "Ɓarawon kusurwa, gobe ka gani!" Wuri ya kaure da dariya. A hanyar gida ya matse kafaɗata ya ce, "Nan ɗin nika hwaɗuwa." A tsakiyar da'irar masu dara ya ci gaba da zama har damina biyu, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ɗiyata Hajara, mai karatun kwamfuta a Sakkwato, ta nuna mini darar Turawa da suke kira ces a cikin wayarta. Ta ce akwai na'urar da ke lissafa wasa mai nisa har babu ɗan Adam da ke cin ta, amma karawa da ita ba daɗi. Sai aka yi wata, aka zuba mata wasannin mutane masu ɗimbin yawa, ta yi ta canka tana kuskure ana gyara ta, har ta iya faɗin abin da mutum zai taka, da inda zai yi tuntuɓe. Ta ce in aka ba ta wasannin mutum ɗaya da yawa, takan ɗauki salonsa. Na tambaye ta ko na'urar za ta iya yin na Kaka. Ta ce sai in an rubuta wasanninsa. Ba a rubuta ko ɗaya ba. Kullum magariba ƙafa ake sawa a share ramukan. Tsamiyar tana nan, matasa na zaune a ƙarƙashinta kowa da wayarsa. Wasan Mamman a kaina kaɗai ya saura, ni ma na fara mantawa.