Asibiti na ta kirana, layina a rufe

Salamu alaikum 'yan uwa. Memuna ce, mai ɗinkin hijabi a Buokrom. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu sun ɗauka na bar Kumasi. Ina nan. Ciwo na yi.

Ina wanka ne na ji ƙullutu a nonona na hagu, kamar ƙwayar gyaɗa. Ba ya zafi. Mijina Awudu, direban motar haya ta trotro, shi ya matsa sai na je asibiti.

Suka yi hoto, suka sa allura suka ɗebi ɗan nama. Nas ta karɓi lambar wayata, ta ce in koma gida, idan sun ga wani abu za su kira ni.

Lokacin ne gwamnati ke rufe layin duk wanda bai haɗa shi da katin ɗan ƙasa ba. Ni ba ni da katin. Na sha zuwa wurin rajista. A Zongo aka haife ni, a ɗakin Mma mahaifiyata, babu takardar haihuwa, kuma da sun ji sunan kakana sai su tambaye ni daga Nijar muka zo ko daga Mali.

Da farko kira ne kawai ba na iya yi, amma ana samuna. Ban san ranar da aka yanke layin gaba ɗaya ba. Wayar na kusa da keken ɗinkina, ina ta kallonta. Da muka ji shiru, Mma ta ce ai lafiya ke nan. Har kokon sadaka ta dama ta raba a unguwa.

Ƙullutun ya ci gaba da girma. Wani ya fito a hammata.

Da na koma asibiti, nas ɗin nan ta miƙe tsaye da ta gan ni.

"Maame, ina kika shiga? Mun kira ki har mun gaji."

Likita ya ce ciwon daji ne. Ya ce da na zo lokacin da suke nemana, ƙila da ƙullutun kawai za a cire. Yanzu sai an cire nonon duka, sannan a yi ƙarin ruwan magani.

Ban yi kuka a gabansa ba. A trotro na yi.

Yayana Issaka da ke Turai ya turo kuɗin asibiti tun farkon ciwon, ta momo, wato asusun kuɗi na waya, a lambar nan da aka rufe. Kuɗin na ciki, ba na iya taɓa su. Na je ofishin kamfanin waya a Adum da takardun asibiti. Yarinyar da ke wurin ta duba, ta ce kafra, wato in yi haƙuri, in babu kati ba abin da za ta iya yi. Na durƙusa mata a gaban mutane. Ita ma idonta ya kawo ruwa, amma amsar ba ta sauya ba.

Awudu ya sayar da kekena. Matan makarantarmu ta Islamiyya suka haɗa abin da ya samu. Da haka aka yi aikin cire nonon.

Ƙarin ruwan ya fi aikin wuya. Gashina ya zube. Ƙamshin waakye, shinkafa da wakenmu, ma amai yake sa ni. Kafin kowane ƙari sai an gwada jini, wani lokaci a ce jinin ya yi ƙasa, in koma gida. Kuɗi suka ƙare ana tsakiyar magani. Na kira Awudu na ce in na mutu kada ya raba 'yarmu Fati da Mma. Ya ce in daina wannan magana, amma bai iya kallona ba.

Goggo Salamatu, ƙanwar Babana da ke Atonsu, ita ta cece ni. Tana da katin, kuma ashe mai kati na iya rantsewa ya tsaya wa danginsa. Ta zo da sandarta ta raka ni, ta rantse a gaban jami'in rajista.

"'Yar ɗan'uwana ce. Ni na yi mata wankan farko."

Katin ya fito, aka buɗe layin, na cire kuɗin Issaka, na ƙarasa maganin.

Hoton da aka yi mini na ƙarshe, likita ya ce bai ga komai ba, amma in riƙa zuwa ana dubawa. Alhamdulillah. Gashi ya fara tsirowa.

Allah Ya saka wa Goggo, da Awudu, da Yaya Issaka, da matan makarantarmu, da nas ɗin da ta yi ta kirana ba ta san layin ya mutu ba.

'Yan uwana mata, in kin ji ƙullutu ki je asibiti, ko ba ya zafi. Ki ba su lamba biyu, taki da ta wani a gida. In kin ji shiru, ki tafi da ƙafarki ki tambaya. Mai kati kuma, ka duba danginka, akwai wanda rantsuwarka kawai yake jira.

Ku kuma masu rufe layi, ban ce kada a yi rajista ba. Amma ku buɗe mana ƙofa ɗaya ta marasa lafiya. Na bar wasu mata a ɗakin ƙarin ruwa da har yau ba su da katin.